KAFIN KI CE GIDAN MAYU NE

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da kuke cusa wannan mujalla a tsakiyar littafin lissafi kuna karantawa malam na kan allo. Ina roƙonku ku ajiye ta sai an tashi. Na san kun saba da alƙalamina a fagen soyayya, to yau ba labarin Alhaji da amarya na zo muku da shi ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini rai, maganar maita da mayu, da yadda kalma ɗaya tak take rusa auren yarinya tun ba a kai ga ɗaurawa ba. Abin da ya zaburar da ni na ɗauki biro kuwa wani wasan talbijin ne na Turawa, wanda tauraronsa ɗan sanda ne mai shan jinin mutane. Kada ku yi dariya, ku dai biyo ni a sannu.

ƊAN SANDAN DA BA YA FITA DA RANA

Sunan wasan Forever Knight. A ƙasar Kanada aka shirya shi, an nuna shi daga 1992 zuwa 1996, kashi 70 cif, wato an gama shi tun ba a haife ni ba. Yayana ne ya samo shi wajen masu tura fim a waya a Funtuwa, muka riƙa kallo bayan isha'i, shi yana fassara mana kamar yadda ake yi wa finafinan Indiya, inda Turanci ya ƙwace masa ya cike da nasa.

Turawa suna da wani dodo a tatsuniyoyinsu da suke kira bamfaya. Wai mamaci ne da yake tasowa daga kabari da dare, ya ciji mutum a wuya ya zuƙe masa jini, ba ya tsufa, ba ya mutuwa, amma hasken rana yana ƙona shi. Littafin Dracula da Bram Stoker ya fitar a 1897 shi ya baza sunan wannan dodo a duniya. To shi tauraron wasan namu, Nick Knight, irinsu ne. A labarin an mayar da shi haka tun shekarar 1228, ya yi kusan shekara 800 a duniya, ya kashe rayuka ba adadi, daga baya nadama ta kama shi. Sai ya shiga aikin ɗan sandan ciki a birnin Toronto, yana binciken kisan kai, aikin dare kawai yake yi, ya ce wa abokan aikinsa fatarsa ce ba ta jure rana. Ya daina shan jinin mutane, jinin saniya yake ɗurawa a kwalabe ya ajiye a firji. Mutum ɗaya ce a wajen aikin ta san asirinsa, wata likita mai binciken gawa da ake kira Natalie, wadda take ta nema masa maganin da zai koma ɗan Adam, a hankali kuma so ya shiga tsakaninsu. Ga kuma ubangidansa LaCroix, wanda ya mayar da shi haka, ya rantse ba zai bar shi ya tuba ba.

Kashi na farko, wanda aka raba gida biyu, shi ya tsaya mini a rai. Ana ta tsintar gawarwakin marasa galihu masu kwana a titi, an tsiyaye musu jini tas. Sai kuma aka kashe wani mai gadi a gidan tarihi, aka sace wani tsohon kofi. Gari ya ɗauka, kowa na cewa mai shan jini ya shigo. Shi Nick da ya duba gawar mai gadin ya gane aikin irinsu ne, amma sauran gawarwakin ya ga sun sha bamban. Bai tara su duka ya jibga wa dodo ba. Ya bi zare a hankali, yana tambayar me ya haɗa waɗannan bayin Allah, har zaren ya kai shi wajen da ake karɓar jinin taimako. Ashe mai kashe su mutum ne kamar ni da ke, ma'aikaci mai fararen kaya, wanda ya ƙullaci talakawan saboda wani nasa ya rasu sanadiyyar gurɓataccen jini.

Shi dai wasa ne, ƙirƙira ce, dole a sa dodo a ciki don a samu 'yan kallo. Amma ki duba wannan abu: a cikin tatsuniyar ma, inda aka ce dodon yana nan da gaske, sai da aka yi bincike kafin a ɗora wa wani laifi. Mu fa?

NAMU DODON

Mu Hausawa ba mu da mamaci mai tasowa daga kabari, maye muke da shi. Tun muna yara muke jin cewa maye yana da ƙanƙara a ciki (ba Ƙanƙara garin maƙwabtanmu ba, kada mutanen can su kai ƙarata), wasu 'yan duwatsu da suke motsi in ya ga kurwar da ta yi masa. Wai yana ganin kurwar mutum kamar 'yar tsako ko ƙadangare, ya kama ya ɓoye a ƙarƙashin murhu ko cikin kogon bishiya, mai ita ya kwanta ciwo yana ramewa har ya mutu. Wai a nono ake shan ta, wanda kuwa ya gada ta wajen uba gani kawai yake yi, ba ya iya ci. Wai in an gane wadda ta kama, sai a sa ta tsallake majinyacin, sannan ta saki kurwar. Kowaccenmu ta iya cewa kurwata kur tun kafin ta iya Fatiha da kyau.

Bambancin namu da na Turawa shi ne, nasu yana cikin akwatin talbijin, in kin gaji kin kashe. Namu kuwa yana da suna, yana da gida, yana da jikoki a ajinku.

IYA MAI ƘULI-ƘULI

Ni 'yar Mairuwa ce, nan ƙasar Faskari, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, garin da madatsar ruwansa take shayar da Funtuwa. Ina da aminiya da muka tashi tare, benci ɗaya tun firamare, ba zan faɗi sunanta ba domin da izininta nake wannan rubutu, kuma sharaɗin da ta gindaya mini ke nan. Kakarta ta wajen uba kowa Iya yake ce mata. Daga wani ƙauye ta wajen Sabuwa aka auro ta tun tana yarinya, miji ya rasu, 'ya'ya duk suka koma sai mahaifin ƙawata. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi. Shekara da shekaru tana gaban murhu, hayaƙi ya rina mata idanu sun yi ja. Yara kuwa ba sa rabo da tsakar gidanta, domin duk wanda ya leƙo sai ta ɗan gutsuro masa tunkuza ta danƙa masa a hannu.

A cikin yaran akwai ɗan maƙwabtansu, ɗan shekara huɗu. Tun yana goye ba shi da ƙoshin lafiya, yau hannu ya kumbura, gobe ƙafa, ya kwana yana tsala ihu ba a san inda ke masa ciwo ba. Uwarsa ta riga ta binne biyu kafin shi. Muna aji biyar a sakandare, da damina, masara ta yi goyo, sauro ya yi yawa, sai zazzaɓi ya kwantar da yaron. Kwana uku ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi. A na huɗu jiki ya yi zafi kamar garwashi, tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari fat, ya shiga sambatu yana cewa, "Iya, Iya, ki ba ni." Me yake so a ba shi in ba tunkuzar da ya saba ba? Amma magana zarar bunu ce. Kafin ta kai gida na uku ta koma "Iya, ki sake ni." Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci, wai an shanye wa yaro jini.

Ina gidan lokacin da aka zo, muna bitar jarrabawa da ƙawata. Mata ne a gaba, samari da yara a baya riƙe da duwatsu. Aka janyo tsohuwar nan daga gaban kasko, mayafinta ya faɗi ba wanda ya ɗauka. Ita dai sai waige-waige take tana cewa, "Yaron da nake goyawa? Ni? Ku ji tsoron Allah, 'ya'yan nan." Aka ce in tana da gaskiya ta tsallake. Ta tsallake shi sau uku, gwiwoyinta na rawa, mata na guɗa kamar an kawo amarya. Da ta gama ba ta zagi kowa ba, cewa kawai ta yi, "Allah na gani." Ƙawata ta ƙanƙame ni tana kuka mara sauti, har yau in na tuna ina jin farcenta a damtsena.

Yaro dai bai tashi ba. Da magariba kawunsa, wani malamin firamare, ya dawo daga tafiya ya tarar da abin da ake ciki. Ya daka wa kowa tsawa, ya ce a nemo babur a tafi asibiti yanzu-yanzu. Mai babur ɗin da ke kusa kuwa ba kowa ba ne sai yayan ƙawata, jikan Iya, wanda ke ɗaki zuciyarsa na tafasa. Ya rantse ba inda za shi. Iya ce da bakinta ta ce masa, "Tashi ka kai shi. Yaron bai yi maka komai ba."

A Funtuwa aka auna jini. Zazzaɓin cizon sauro ne ya haɗu da sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini, jinin yaron ya yi ƙasa ƙwarai, likita ya ce sai an ƙara masa a daren. Aka gwada na mutanen da suka biyo su, wanda ya dace kuma yake da ƙarfin bayarwa shi ne na mai babur. Leda guda aka ɗiba. Kin ji, 'yar uwa, gidan da aka ce su suka shanye jinin, jininsu ne yake yawo a jikin yaron nan.

Bayan kwana tara aka dawo da shi yana tafiya da ƙafarsa. Za ki ce shi ke nan, gaskiya ta yi halinta, za a je a ba tsohuwa haƙuri. Ina! Cewa aka yi, "Ai da ma tunda ta tsallake shi ta saki kurwar, shi ya sa maganin asibiti ya kama." Ki auna wannan shari'a da hankalinki. In yaro ya mutu, ta cinye shi. In ya rayu, ta sake shi. Ta wace ƙofa mai gaskiya za ta fita?

Daga ranar ƙuli-ƙulin Iya ya daina ƙarewa a faranti. A makaranta in ƙawata ta gifta sai ki ji ana kurwata kur ƙasa-ƙasa, in ta sha ruwa a moɗa ba mai ƙara ɗauka sai an ɗauraye. Yarinyar da ba ta wuce na uku a aji ta koma zaman bayan aji, ta yi shiru kamar ba ita ba. Iya ta yi shekara biyu ba ta leƙa ko gidan suna ba, sannan Allah ya karɓi abarsa. Saura kwana kaɗan ta rasu, uwar yaron ta lallaɓo cikin dare ta durƙusa ta nemi gafara, Iya ta ce ta yafe duniya da lahira. Amma zargin a bainar jama'a aka yi shi, neman gafarar kuwa a ƙuryar ɗaki, daga su sai fitila. Hausawa na cewa in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba. To wadda aka yi wa ƙazafi fa, jikokinta yaushe za a bari su manta?

AN ZO BINCIKE

Bayan mun gama sakandare wani saurayi ya fito wa ƙawata, malamin makaranta, mai hankali da kunya. Shekara uku suna tare. In kin ga yadda yake tsayawa nesa da ƙofar gida yana sunkuyar da kai in mahaifinta zai wuce, sai ki ce wannan ko a littafi sai haka. Aka kai kuɗin gaisuwa, aka sa rana bayan girbi. Sai goggonninsa biyu suka zo bincike kamar yadda aka saba. Ba su je wajen liman ba, ba su je wajen mai unguwa ba, ba su nemi malaman makarantarmu ba. A wajen injin niƙa suka tsaya, wata mata ta ce musu, "Yarinya kam ba ta da aibu, sai dai ku tambayi labarin kakarta." Iyakar binciken ke nan.

Mako guda aka aiko a mayar da kaya. Shi kuma ya zo da daddare, ya tsaya a inda ya saba tsayawa, hawaye na zuba, ya ce, "Wallahi ban yarda da maganar nan ba, amma Hajiya ta ce in na aure ki ba ita ba ni, kuma ba wanda zai ci abincin gidana." Ƙawata ta ce masa, "Ka bi mahaifiyarka, Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ta shiga gida, ta yi wata biyu ba ta fito ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, ko a ƙa'idar masu camfin ma maganar ba ta zauna ba. Ba su suka ce a nono ake sha ba? To Iya kakarta ce ta wajen uba, ƙawata ba ta taɓa shan nononta ba. Amma mai neman abin ƙi ba ya tsayawa lissafi.

Mu kuma 'yan mata, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ranar da muke kallon Nick, ƙannena da ƙawayensu har cewa suke, "Kai, Allah sarki, a bar shi ya auri likitar nan mana." Mutumin da labarin ya ce ya kashe rayuka shekara ɗaruruwa, an yafe masa saboda yana da kyau da doguwar mota da idanu masu ban tausayi. 'Yar ajinku da ba ta taɓa kashe ko kiyashi ba, ita ce ba a shan ruwa a moɗarta.

SU MA TURAWAN SUN YI

Kada ki zaci mu kaɗai Allah ya jarraba da wannan. A ƙasar Sabiya, a 1725, mutanen wani ƙauye sun tone kabarin wani manomi mai suna Petar Blagojevic, suka soke gawar da itace suka ƙona, wai shi ke tasowa yana kashe su. Abin ya yi ta yaɗuwa har sai da sarauniyar Ostiriya, Maria Theresa, ta sa likitanta ya bincika, ya ce jahilci ne da tsoro, ta hana tone-tonen a 1755.

Na Amurka ya fi ban tausayi. A 1892, a garin Exeter na jihar Rhode Island, wata budurwa 'yar shekara 19 mai suna Mercy Brown ta rasu, bayan mahaifiyarta da yayarta sun riga ta, ga ɗan'uwanta Edwin a kwance yana tari yana ramewa. Maƙwabta suka ce ɗaya daga cikin matattun ce ke zuƙe shi. Aka tone su, aka ga gawar Mercy ba ta lalace ba, alhali lokacin sanyi ne mai daskarar da komai. Aka ciro zuciyarta aka ƙona, aka jiƙa tokar aka ba Edwin ya sha. Bayan wata biyu shi ma ya bi su. Tarin fuka ne ya cinye gidan, kuma shekara 10 kafin nan, a 1882, wani likitan Jamus, Robert Koch, ya riga ya gano ƙwayar cutar da ke kawo shi. Ilimin yana nan, bai dai iso ƙauyen ba.

ABIN DA YAKE SHAN JININ 'YA'YANMU

Akwai masu shan jini a ƙasar nan tamu, na yarda, kuma ga sunayensu. Na farko sauro. Ƙwayar cutar da yake zubawa tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, shi ya sa yaro yake yin fari fat cikin 'yan kwanaki. In zafin ya hau kai sai shiɗewa da sambatu, kuma yaro mai sambatu sunan wanda ya saba da shi yake kira. Wanda ya fi kyautata masa shi ya fi shiga haɗari ke nan.

Na biyu sikila. Ita kam gadonta ake yi da gaske, daga uwa da uba duka biyu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabinta, wato AS, lafiyarsa ƙalau, bai ma sani ba. In AS ya auri AS, kowane ciki aka samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a ƙasar nan, ba ƙasar da ta kai mu. Kumburin hannu da ƙafa ga jariri, ciwon ƙashi, idanu su yi ɗorawa, yawan ƙarancin jini, duk alamunta ne. Gida nawa aka binne yara biyu, uku, aka ɗora wa kishiya ko maƙwabciya, alhali abin yana cikin jinin iyayen?

Ki tuna kuma da sanƙarau na 1996, wanda ya kashe mutum sama da 11,000 a ƙasar nan, mafi yawa a Arewa. Ki tuna da maƙwabtanmu na Zamfara a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna shiɗewa ɗaya bayan ɗaya. Da likitoci suka auna jini da ƙasar gidajen, sai aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake daka wa a tsakar gida. Da an tsaya neman wadda za ta tsallake su, da tsofaffi nawa za a wulaƙanta, yara kuma na ci gaba da mutuwa?

TAMBAYOYI UKU

Ni ba malama ba ce, kuma ban ce babu sihiri ko kambun baka ba, addininmu ya tabbatar da su, ya kuma ba mu Falaƙi da Nasi da addu'o'in safe da yamma mu tsare kanmu. Amma neman tsari daban, nuna wata baiwar Allah da yatsa daban. Malamin Islamiyyarmu ya sha karantar da mu Suratul Hujurati, inda aya ta 6 ta umarce mu da tantance labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci, aya ta 12 kuma ta hane mu yawan zato da cin naman juna. Ki lura, wanda aka siffanta da cin naman ɗan'uwansa a can, mai gulma ne. Hukuma ma ba ta bar abin haka ba. Tun a kundin Final Kod na Arewa na 1960 aka sa zargin mutum da maita cikin laifuffuka, da ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. A Yulin 2021 kuma Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na yin tir da cutar da mutane kan irin wannan zargi.

Saboda haka duk ranar da aka raɗa miki cewa gidan su wance mayu ne, ki zama 'yar sandan ciki, ki yi tambaya uku. Ta farko, wa ya gani da idonsa, kuma me ya gani? Za ki tarar kowa daga wani ya ji. Ta biyu, an kai majinyacin asibiti, me aka ce yana damunsa? Ta uku, wace ce ake zargi? Ni dai tunda nake ban taɓa jin an ja Hajiya mai gidan bene an ce ta tsallake kowa ba. Kullum tsohuwa ce, ko gwauruwa, ko wadda ba ta haihu ba, ko baƙuwa mara dangi a gari. Wannan ta ukun ta fi damuna, domin tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, har aka kwashe ɗaruruwan 'yan makaranta a Ƙanƙara a Disambar 2020, mata da yawa sun baro gidajensu sun raɓu a garuruwan bakin titi, ba miji, ba ɗa, ba mai tsaya musu. Sun gudo daga masu zubar da jini na gaske, kada mu tare su da ƙazafi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, ke ma in Allah ya ba ki tsawon rai tsohuwa za ki zama, idonki zai yi ja, bayanki zai ranƙwafa.

In kuwa binciken jini ake so kafin aure, ga na gaskiya nan. Ke da shi ku je a auna ku tun kafin so ya yi nisa, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Jihar Kano ma ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Ba sai an yi miki doka ba, 'yar uwa, kuɗin gwajin bai kai na atamfa ɗaya a cikin lefe ba. Ki ce masa, "Ina son mu san rukuninmu." In mai sonki ne da gaske ba zai ƙi ba.

Ƙawata tana nan, ta koyi ɗinki, ita ke ɗinka wa rabin 'yan matan da suka guje ta kayan salla. Wani ya sake fitowa, sun je an auna su, an ce ba matsala. A watan nan danginsa za su zo bincike. Ban san a ƙofar wa za su tsaya ba, wataƙila a ƙofarku, wataƙila mahaifiyarki za su tambaya kina zaune kina tsince shinkafa. In haka ta faru, ko a garinku wata mai irin labarinta ce, ina roƙonki don Allah ki buɗe baki cikin ladabi ki ce, "Inna, ai yaron nan sikila gare shi, likita ya faɗa." Kalma ɗaya ta rusa na farko, kalma ɗaya tana iya tsayar da na biyu.

Allah ya jiƙan Iya, ya sa haƙurinta ya zame mata haske a kabari. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu, ya ba kowaccenku miji nagari mai tsaya mata. Mai labari irin wannan ta rubuto mini ta adireshin mujalla, ba zan bayyana sunanta ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, 'yar mutan Mairuwa.